Ranar da Kurciya Ta Yi Shiru

Jiya da hantsi jikata ta kwashe tokar murhu za ta zubar a bayan gida, sai iska ta juyo ta maido mata da ita a fuska. Ta shigo tana tari tana zagin iska, gira da gashin ido fari fat. Na yi dariya har na ƙware. Da dariyar ta lafa kuma sai na samu kaina cikin tunani, don a irin wannan lokaci ne, ƙarshen bazara, sa'ad da iska ba ta san inda ta nufa ba, na yi wa kakana abin da na yi masa. Ranar ma toka ce a hannuna.

Kakan nan nawa uban uwata ne, maharbi, mutumin Jiratawa. Ku da kuka san Jiratawa ta yanzu kada ku yi mini musu, a zamanin da nake faɗa gulbin nan kurmi ne. Tsamiya da kanya da gawo da goruba sun haɗa kai, akwai wuraren da rana ba ta taɓa ƙasa sai ta take tsaka. Shi bai yi salla ba, abin da ya tarar iyayensa na yi shi yake yi, in ya yi rantsuwa da aradu yake yi. Ubana kuwa mutumin Maradi ne, a Sabon Gari muke, yana awon gyaɗa wa wani kamfanin Nasara, kuma ba ya barin sahu. Duk da haka ban taɓa ganin ya gai da surukinsa a tsaye ba.

Da kakata ta rasu sai inna ta tura ni Jiratawa in riƙa yi wa tsohon shara da ɗiban ruwa. Matar ƙanensa ce ke aiko masa da tuwo, amma ɗakinsa babu mai motsi. Ina da shekara tara ke nan ko kusa da haka. Aka ce mini wata biyu zan yi. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, aka yi sanyi, ina nan. Duk ran da inna ta zo na riƙe mata zane ina kuka, amsarta ɗaya ce: muddin tsoho na Jiratawa, ni ma ina Jiratawa. Ta sha roƙonsa ya komo Maradi wurinmu, shi kuwa ya ce garin da katanga ta tare iska ba wurin kwanan mutum ba ne.

Ba zan ce na sha wahala ba, in na faɗa na yi masa ƙarya. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Ya ce tunda yake aure bai taɓa dacewa da muguwar mata irina ba, furata gudaji, ruwana rabin tulu. Ni kuma in ce wa zai zauna da miji mai haƙori huɗu in ba ni ba. In ya samu zabuwar daji, ni ke cin hanta. Amma yarinya yarinya ce. Ina son uwata, ina son ƙannena, ina son in ji ƙugin motocin gyaɗa suna hawa tudu, in bi sa'o'ina mu leƙa kantuna muna zaɓen abin da ba za mu saya ba. Da yamma nakan hau kututturen da ke ƙofar gida in dubi wajen Maradi, ko da yake ba abin da ake hangowa sai itatuwa.

A cikin wannan zama ne na gane abin da yake ɓoye wa kowa. Idonsa ya fara hazo. Ba wai ya makance ba, yana gane mutane, yana tafiyarsa ba sanda, amma ƙananan abubuwa sun fara kuɓuce masa. Babbar damuwarsa toka. Yana da wata 'yar batta ta fata da yake cikawa da tokar kara, tankaɗaɗɗiya, mai laushi kamar kwalli. Maharbi in ya kusanci nama sai ya ɗebo kaɗan da yatsu biyu ya saki, ya ga inda ta bi. In ta dawo wajensa, to iska daga naman take zuwa, sai ya ci gaba. In ta nufi naman, warinsa ya riga shi isa, sai ya sake hanya. To, kakana ya daina ganin tokar in ya sake ta. Na gan shi sau biyu a bayan gida yana saki yana ƙura ido, yana sake saki.

Da ya ɗauki yaro namiji cikin 'ya'yan dangi, kafin rana ta faɗi duk maharban gulbi sun ji. Ni kuwa wa zai kula da ni? Sai ya riƙa ce wa mutane amarya za ta tsintar goruba, shi zai raka ta kada kura ta yi masa ƙwace. In muka shige kurmi sai ya miƙo mini batta.

A wurinsa na koyi cewa iska ba ɗaya ba ce. Da sassafe mai sanyi takan gangaro daga tudu ta kwanta cikin gulbi. In rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, sai ta tashi ta koma hawa tudu. Tsakanin gangarowa da hawan nan akwai ɗan lokacin da take diri-diri, ta taɓa nan ta taɓa can, kuma a nan ne maharba da yawa ke asarar wahalarsu. Da rani duk wannan da sauƙi, don babbar iska daga gabas take, ka san da ita. Ƙarshen bazara ne abin ke lalacewa, lokacin da iskar damina ta fara turowa daga yamma ta gabas kuma ba ta yarda ta tafi ba. Sai su yi ta kokawa a kan itatuwa. Ganyen sama na kaɗawa gabas, ciyawar ƙasa na kwantawa yamma, kibiya kuma in an sake ta sai ta bi wadda ta fi ƙarfi.

Ga yadda muke yi. Shi yana da kan burtu na itace da aka lulluɓe da fata, ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana sara ƙasa da bakin kamar tsuntsun na kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Amma idonsu kaɗai wannan ke ruɗa, hancinsu na nan. Ni sai in laɓe a bayan suri ko kututture, can baya, inda ya ɗan fi tudu, ina sakin toka. Muddin tana dawo mini, in yi shiru. In ta juya wajen naman, in haɗa tafin hannuwana in hura kukan kurciya sau biyu. Shi kuma ya kwanta, ya ja da baya, ya kewayo ta wani gefen. Da haka muka ci barewa biyu da gada ban san iyaka ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa gorubata ba ta cika ƙwarya.

A shekarar nan nama ya yi wuya. Kumandan, Banasaren da ke mulkin Maradi, da abokansa sukan zo ran Lahadi da mota da bindigogi, su yi ta ɓarin wuta, abin da bai mutu ba ya yi kudu. Sai ga wani gwanki guda, namiji, tsoho, ya ɓullo yana shan ruwa a wani ɗan gurbi da ya rage cikin gulbi. Wanda bai taɓa ganin gwanki ba, ya ɗauka doki ne aka dasa wa ƙahoni masu lanƙwasa baya. Kakana ya ga sawun, ya dawo gida, ya tara dangi a gindin tsamiya ya ce ya ɗauki sawun gwankin nan.

Wannan magana a gidansu ba ƙarama ba ce. In maharbi ya faɗa a gaban dangi cewa ya ɗauki sawun dabba, fita uku gare shi. In ya dawo ta uku hannu wofi, an ce daji ya sallame shi, sai ya sauke kwari da baka ya miƙa wa magajinsa, ba ya ƙara shiga kurmi da makami. Ba wanda ya tilasta masa ya faɗa. Ina jin ya gaji ne da kallon da ake yi masa, yana so a san ko yana nan ko ba ya nan. Kawuna, babban ɗansa da ke zaune Tsibiri, ya zo, inna ma ta zo, suka durƙusa suka ce to, in daji ya sallame shi, kwari ya bi kawu Tsibiri, shi kuma ya bi inna Maradi. Ya ce ya yarda. Ina bayan rumbu ina jin kome, kuma ba sai an yi mini lissafi ba, na san in tsoho ya tafi Maradi da wa zai tafi.

Fitar farko mun samu gwankin, toka ta yi mana kirki, kakana ya kai kusa. Yana sakin tsarkiya wata iska mai ƙarfi ta bugo daga yamma, na ga kibiyar ta karkace ta kafe a jikin kanya. Fita ta biyu ko kusa ba mu kai ba, guguwa ta taso tsakaninmu da shi ta kwashi ganye da warinmu ta watsa ko'ina. Kakana ya kwance burtu ya zauna ya sha ruwa, ya ce iskar bana ba ta da uwa. Bayan haka ya yi kwana shida bai fita ba. Kullum da safe yana zaune ƙofar gida yana sauraron itatuwa, yana gyara dafin kibansa, yana hana ni taɓawa.

Ran na bakwai gari ya waye lumui. Muka fita rana na ɗagowa. Ƙasa ta yi sanyi kaɗan, ana jin ƙanshin ruwan da aka yi wani wuri nesa. Muka tarar da gwankin ya sha ruwa ya hau gefen gurbin yana cin ganye, ya ba mu baya. Akwai wani suri dogo a kan gangare, na haye bayansa. Akwai kuma wata 'yar ƙorama busasshiya da ta bi ta gefe, wadda in abu ya ɓaci mutum zai iya faɗawa ciki ya kewaya. Kakana ya dafa kaina, ya ɗaura burtu, ya durƙusa.

Na saki toka, ta dawo mini a ƙirji. Na sake saki, ta dawo. Ina kallonsa yana tafiya kaɗan-kaɗan, ya sari ƙasa, ya ɗaga kai, ya tsaya, ya ƙara gaba. Gwankin ya waiwayo sau ɗaya ya dube shi ya ci gaba da cin ganyensa. Ban taɓa ganin kakana ya yi kyau irin na ranar ba. Tsohon da ke nishi in zai tashi daga tabarma, ga shi yana tafiya a kan gwiwa ko ganye bai karya ba.

Sai na ji kabar goruba a bayana ta yi ƙara. Na saki toka, ta tsaya cak a iska, ta sauka a kan ƙafata. Na sake ɗiba na saki, sai ta miƙe siririya ta nufi gaba, ta bi bayan kakana, ta nufi gwankin. Akwai sauran lokaci, wannan na sani sarai, don iskar ba ta yi ƙarfi ba tukuna, ƙoramar kuma na kusa da shi. Na ajiye batta. Na haɗa hannuwana na kai baki.

Da zan so in ce muku tausayinsa ne ya kama ni, na ga ya tsufa, na ji tsoron kada gwanki ya soke shi. Na sha gaya wa kaina haka daga baya. Amma ba shi ba ne. Uwata na tuna, da ɗakinmu, da ƙanwata da aka haifa ban gan ta ba sai sau biyu. Na riƙe hannuwana a bakina ban hura ba. Ina nan a haka har gwankin ya ɗaga kai, ya buɗa hanci, ya yi wani irin tsaki mai ƙarfi, ya zabura. Muka ji karyewar itatuwa tana nisa har ta ɓace.

Kakana ya daɗe a durƙushe. Sannan ya kwance burtu, ya naɗe shi cikin baƙin zanen, ya taho. Ya ce, "Amarya, mi kinka gani?"

Na ce iska ce ta juya farat ɗaya, ban ankara ba.

Ya ce, "Haka take yi." Ya karɓi gora ya sha, ya miƙo mini saura. A hanya har ya tsaya ya kakkaɓo mini goruba, ya ce yau dai a cika ƙwarya.

Kwana uku bayan haka kawu ya zo daga Tsibiri. Aka taru gindin tsamiya, kakana ya sauke kwari da baka ya ɗora masa a hannu biyu, ya gaya masa kiban da ke da sabon dafi. Kawu na kuka, shi ko yana yi masa faɗa ya riƙe da kyau. Maharba suka yi ta cewa iskar bana ce, ba hannunsa ba. Aka ɗora kayansa a jaki guda, ba su ma cika mangala ba, muka kama hanyar Maradi. Ni ce a gaba, har da tsalle.

Na samu abin da nake so, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Ubana ya gina wa tsohon ɗaki kusa da zaure, ya hana kowa ya dame shi da zancen salla. Inna na dama masa fura mai kyau, ba irin tawa ba. Shi kuma ya zauna yana tufkar igiya da kaba, tun safe har la'asar, igiyar da ba wanda ya ce yana bukata. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Sai dai wani lokaci in iska ta shigo ta kan katanga ta kewaya tsakar gida, sai in ga ya ɗaga kai yana juya fuska, ya rasa ta inda ta fito, ya koma kan igiyarsa. Cikin shekara biyu wuyansa ya ƙanƙance, wasan ma ya ragu. Ni kuwa na daina yi masa tsiya, don duk ran da ya ce mini amarya sai in tashi in bar wurin.

A damina ta uku, wata ranar la'asar, inna ta shanya dawa a can ƙarshen tsakar gida ta shiga maƙwabta barka. Ina zaune ina yanke masa farce da aska, kansa a jingine da bango. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce masa ranar gwanki na ga toka ta juya, da sauran lokaci, na ƙi yin kukan kurciya da gangan don ina son komowa gida. Na faɗa kaina a sunkuye, ina riƙe da yatsansa.

Can ya ce, "Na sani tun rannan. Mai rarrahe tahin ƙahwarshi na baya, ga zuhwa. Iska na juyawa na ji sanyinta nan. Na saurari kurciya, ban ji ta ba."

Na fashe da kuka. Na ce to me ya hana shi faɗawa ƙorama shi kaɗai, me ya hana shi gaya wa dangi. Ya ce shi da ya saba da jiran kurciya, kafin ya yanke shawara lokaci ya wuce, dangi kuma ba abin da ya shafe su tsakanin miji da mata. Ya sa hannu ya share mini fuska da tafinsa mai kaushi.

Ya ce, "Bar kuka, ɗiyar nan. Aradu, ko kin busa ba ni samun shi. Ban ga gwankin nan ba ko kaɗan, duhu-duhu kawai nike bi. Gara da anka ce iska ce, da a ce mahalbi ya halbi kututture. Rufa mini asiri kinka yi."

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Na share hawaye, na kama ɗaya hannun na ci gaba da yankan farce, har ina ɗan murmushi. Muna nan zaune sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Tashi ki kore akuyar can mai baƙin kunne, tana ci ma uwarki dawa."

Na tashi da gudu na kore ta. Sai da na juyo zan dawo na tsaya, na dubi tsawon tsakar gidanmu, daga inda dawa take zuwa inda yake zaune. Ya fi tsakaninsa da gwankin nisa, nesa ba kusa ba. Akuyar kuma ko rabin gwanki ba ta kai ba, ga shekara biyu sun ƙaru a kan idon, amma har kunnenta ya gani. Ya riga ya mai da kai kan igiyarsa. Na dawo na zauna na ɗauki aska. Bai ga wata damina ba bayan wannan.

Shekarun baya an kai ni Jiratawa gaisuwar rasuwa. Na ce a bi da ni ta gulbi. Babu kurmi, sai gonakin rani a shimfiɗe, ruwa na gudu cikin magudanan siminti, albasa da barkono kore shar har iyakar gani. Mutane na ci, ban ce ba kyau ba. Na tambayi wani saurayi mai ban ruwa ko ya san gwanki, ya ce yana dai jin sunan. Na nemi surin nan ban ma gane gefen da yake ba.

Yanzu na girmi kakana a shekarun da ya rasu, nawa idon ma ya yi hazo, jikoki na ja mini hannu. Na sha jin malamai na faɗan zunubin ƙarya, ban kuma musa ba. Amma mutumin nan ya rantse da abin da ya fi tsoro a duniya, a kan ƙarya, don wata 'yar shekara goma sha biyu ta samu barci. Ni na raba shi da dajinsa, shi kuma ya kashe sauran sunansa na maharbi a gabana don kada in ɗauki laifin. Na bar shi ya tafi yana zaton na yarda, kuma abin kirkin da na iya yi masa ke nan.